Ni Ce Tsohon Cikin Riga

Sallama gare ku masu bibiyata, na nan Tanut da na Damagaram, har da ku na Agadas da kuka dame ni da saƙon in yi haƙuri. Na ji. Haƙuri ba baƙona ba ne, a cikinsa aka yaye ni. Amma ku gyara zama ku ji abin da ya faru a ƙofar gidanmu washegarin Babbar Sallah. In kun gama ji, wadda ta san za ta iya haɗiye abin da na kasa haɗiyewa ta fito ta faɗa, ba a ɓoye ba.

Don wadda yau ta fara shigowa: sunana Nafisatu, ɗiyar marigayi Mailafiya mai ɗiyan dabo. Duk wanda ya yi ƙuruciya a Damargu ya san shi. Kasuwa-kasuwa yake bi, yau Gangara, jibi Ollelewa, wani satin Belbeji. Zai kafa sanda, ya lulluɓa mata babbar rigarsa ta zama kamar 'yar bukka, ya shige ciki, sai ka ga 'yan tsanar itace suna leƙowa ta wuyan rigar suna zuba rashin mutunci. Babbarsu ita ce Gwaggo Taɓarya, tsohuwa mai haƙori ɗaya, wadda ya sassaƙa daga karyayyiyar taɓaryar kakarmu. Ba ta raga wa kowa, daga mai gari har mai tallan goro.

Allah bai ba Baba ɗa namiji ba, ni ce na zauna kusa da gwiwarsa na ɗauki sana'ar. Akwai wani abu da ake sawa a baki, ɓawon ƙwan jimina ne guda biyu a ɗaure da zare, mu a gida 'yar murya muke ce mata. In ka manna ta a ganɗa, maganarka sai ta fito siririya kamar kukan tsuntsu, ba kowa ke gane ta ba. Shi ya sa dole a samu mai tsayawa a waje yana maimaita wa jama'a abin da Gwaggo ta ce. Dokar kuwa ɗaya ce tun kaka da kakanni: yadda ta faɗa haka za ka faɗa, ba ragi ba ƙari. Baba ya taɓa sallamar abokin yawonsa a tsakiyar kasuwar Gangara don kawai ya tausasa zagi ɗaya.

Da Baba ya rasu, aka zuba su Gwaggo a adaka aka tura ƙarƙashin gadon Inna. Suna nan har bara, da Attahir ya yi sallama a zaurenmu.

Attahir ɗan makiyayan Belbeji ne, yana aiki a wani gidan rediyo a nan gari. Dogo ne, mai sanyin magana, in ya naɗa shuɗin rawaninsa ranar Juma'a sai na rasa inda na ajiye ludayi. Ya ce yana yaro har raƙuman gidansu ya taɓa bari suka ɓace saboda kallon Gwaggo Taɓarya. Ya ce yanzu ko wane yaro da waya a hannu, abin da ke cikinta kuwa uwa sai ta rufe masa ido, mi zai hana a tada Gwaggo a riƙa ɗauka ana turawa? Adaka ya zo nema. Da ya ga mai adakar, sai zuwan ya ƙi ƙarewa.

Baffa Idris, ƙanin Baba, shi ne babba a gidan, shi ne kuma limamin unguwa. Da farko cewa ya yi gumaka ne, ba a gidansa ba. Attahir ya yi ta zuwa yana durƙuso, yana cewa 'yar tsanar yara ba gunki ba ce, malamai sun yi sauƙi a kanta. Baffa ya je ya tambayo nasa malamin, ya dawo ya yarda, amma da sharaɗi. Ba kalangu. 'Yar tsanar nan mai karkaɗa ƙugu ta zauna a adaka har abada. Gwaggo kuma ta tuba, bakinta na nan da kaifinsa, amma yanzu a kan alwala da zumunci da haƙƙin maƙwabci za a yi rigimar, a rufe da addu'a. Sannan ya juyo kaina.

“Nafisatu, mutanen garin nan har gobe cewa suke mai dabo da aljanu yake aiki. Yayana namiji ne, ya ɗauki sunan ya tafi da shi kabari. Ke mace ce, kuma ba ki yi aure ba. Ranar da aka ji muryarki daga cikin rigar nan, ranar zan kulle adakar, makullin kuma sai rijiya. Kin ji ni?”

“Na ji, Baffa.”

Haka aka baza a gari cewa wani tsoho ne daga Gangara, yaron Baba na da, yake shiga rigar. Mai tsayawa a waje tana maimaitawa kuwa, aka ce ai ga Fa'iza, ɗiyar Baffa, ƙanwata, malama ce a Islamiyya, bakinta ya saba da yara. Fara ce, mai wushirya. Ita ke tsaye cikin hijabi mai guga, Attahir na gefenta yana jayayya da Gwaggo, waya na ɗaukarsu su biyu. Ni kuma ina ƙasa a duƙe kamar mai naƙuda, gumi na shiga min ido.

Wasan ya karɓu, ban musa ba. Uwaye har gida suke zuwa godiya, wai yaro ya daina alwala da gaggawa don kada Gwaggo ta ji. Amma ku buɗe ƙasan ko wane bidiyo ku karanta abin da ake rubutawa. “Masha Allah, malama da Malam Attahir kun dace.” “Yaushe za mu sha biki?” Nawa rabon shi ne wani bawan Allah da ya rubuta, “Allah ya ƙara wa tsoho lafiya.” Amin, na gode.

Ana saura kwana kaɗan Sallah, na jiyo Baffa yana gaya wa Inna a tsakar gida cewa gida mai 'yan mata biyu ba ya yiwuwa saurayi ya yi ta shiga da fita ba magana. Bayan Sallah ko ya turo magabatansa, ko ya tsaya a waje. Inna ta san komi tsakanina da Attahir, amma kun san mi ta ce?

“Gaskiya ne, Malam. Duk wadda ya nema ai ta gida ce.”

Uwata ke nan da ta haife ni. Da na yi mata maganar, cewa ta yi, “To so kike in buɗe baki in ce ɗiyata? Ina kunyar take?”

Ranar jajibiri 'yan matan unguwa suka taru a gidanmu ƙunshi. Na miƙa hannu, Inna ta buge shi.

“Tsohon Gangara da lalle? In hannunki ya leƙo ta wuyan riga fa?”

Haka na yi Sallah da hannu fari fat kamar mai takaba, ko awarwaro babu. Fa'iza kuwa an zana mata har gwiwar hannu.

Washegarin Sallah, kun san yadda gida yake. Ragunan da suka wuni jiya a tsaye a jikin itace suna shan wuta an sauke su, Baffa na yanka yana kasawa, ana kai wa maƙwabta a faranti. Ni an bar ni da hanji da tumbi a bakin rariya, cikin tsohon zanen Inna, ƙudaje na yi min barka da Sallah. Sai ga sallama. Wata dattijuwa ce doguwa cikin baƙin turkuɗi mai sheƙi, shunin har ya rine mata wuya, wata yarinya na biye da ita da ƙwaryar cuku. Ko ba a faɗa ba na gane hancin. Hajiya Kadi ce, mahaifiyar Attahir, ta taso daga Belbeji takanas don ta ga wasan da idonta.

Aka shimfiɗa mata darduma a rumfa. Bayan an gaisa an tambayi dabbobi da ruwan bana, ta ce da Hausarta mai ɗan nauyi, “Ina yarinyar wasan?”

Wallahi sai da na miƙe. Hanjin na hannuna na miƙe.

Fa'iza ta fito daga ɗaki cikin shadda ruwan zuma, ɗinkin Damagaram, ƙamshin turaren wuta na biye da ita. Ta durƙusa har ƙasa, ta sunkuyar da kai kamar ba ita ke cinye min tuwon ɗumame ba.

“Ita ce, ita ce!” in ji Hajiya. “Jikokina ba sa cin abinci sai an kunna musu ke. Zo nan, ɗiyata.”

Ta kwance bakin mayafinta ta ciro munduwar azurfa, irin ta mutanensu, mai nauyi, mai zane. Ta kama hannun Fa'iza ta zura mata. Ta riƙe hannun tana juyawa tana kallon lallen, ta daɗe ba ta saki ba.

Inna ta ce in kawo ruwa. Na wanke hannu sau nawa, ƙarnin bai fita ba. Na ajiye kwanon na gaishe ta.

“Wannan fa?”

“Ita ma ta nan ce,” in ji Inna.

“Ayya. Ba ki da lafiya ne, ɗiyata? Sallah guda ba lalle? Allah ya kawo miji nagari.”

Na ce amin. Mi zan ce?

Na tarar da Fa'iza a ɗakinmu gaban madubi, ta ɗaga hannu tana karkata shi.

“Cire ta,” na ce.

“Kai, Yaya Nafi, kin ba ni tsoro. In cire mi?”

“Kin san ba taki ba ce.”

“Sunanki ne a jiki? Yarinyar wasa ta ce. Ke ai tsoho ne.” Ta yi dariya, da ta ga ban yi ba ta gyara fuska. “Haba Yaya, babbar mace ta ba ni kyauta, in cire tun tana gidan? In ta tafi sai mu yi magana.”

“Mu yi magana? Ba ki ce za ki ba ni ba?”

“Ki je ki canza zanen nan, wallahi ƙarni kike.”

Na zari wayata na shige bayan rumbu, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi kamawa. Na rubuta wa Attahir:

“Ka gaya wa Hajiya ko ba ka gaya mata ba?”

“Barka da Sallah tukuna, Gwaggona.” Har da 'yar fuskar nan mai dariya.

“Ba wasa nake ba. Ta sa wa Fa'iza munduwa.”

“Munduwa ce kawai, Nafi. Hajiya sai a hankali. Mutanenmu suna da tsantseni a kan masu dabo, kin sani. Bari ta ga wasan, ta yi dariya, zuciyarta ta yi laushi, sannan in shigo da maganar.”

“Masu dabo. Yau kuma sunanmu ke nan? Da kake durƙuso a zaure ba haka ka kira mu ba.”

Ya karanta. Na ga alamar ta yi shuɗi.

Ku 'yan mata masu karanta ni, ku riƙe wannan: namijin da ya ce miki “a hankali” a kan uwarsa, ki tambaye shi wace rana. In bai faɗi rana ba, babu ita.

Bayan La'asar aka share ƙofar gida aka baza tabarmi. Yara gaba, mata ta hagu da kwalliyarsu, maza ta dama. Baffa na kan buzunsa da carbi. Hajiya Kadi aka ba ta kujerar roba a gaban mata. Rigar Baba a bakin zaure muke kafa ta, bayanta na jingine da ƙofa, ta ciki nake rarrafowa in shige ba mai gani. Wajen aljihunta akwai 'yar huda da gara ta ci, ta nan nake kallon duniya. Na yi bisimilla, na manna 'yar murya, na cusa Gwaggo ta wuyan riga.

Yara suka ɗauki ihu. Ba zan ɓoye muku ba, duk baƙin cikin da nake ciki, ihun nan sai da ya sanyaya min rai. Ihun da ake yi wa Baba ne.

Wasan ranar a kan rabon naman layya ne. Gwaggo ta ɓoye cinya ƙarƙashin gado, ta aika wa maƙwabciyarta marainiya da ƙafafu.

Attahir ya ce, “Gwaggo, ina cinya ɗaya ta shiga?”

Na tsuke murya na amsa, Fa'iza ta maimaita: “Ta ce wace cinya? Ragonta gurgu ne, da ƙafa uku ta saye shi!”

“To ƙudajen da ke layi ƙarƙashin gadonki fa?”

“Ta ce gaisuwar Sallah suka zo, su sun san girman tsofaffi, ba kamar wasu dogaye ba!”

Wuri ya kece da dariya, har Baffa sai da ya sa carbi ya rufe baki. Attahir ya juya ga yara ya yi musu bayani da muryar nan tasa, cewa layya ba don cika tukunya ake yinta ba, ka ci, ka ba maƙwabci, ka ba wanda bai yanka ba, kuma abin da za ka bayar ya zama wanda kai ma za ka so a ba ka. Komi na tafiya daidai.

Sai Hajiya Kadi, tana share hawayen dariya da bakin mayafi, ta ɗaga murya: “Attahir, matsa kusa da ita mana! Wayar ba ta ɗauke ku tare.”

Wata daga cikin mata ta rangaɗa 'yar guɗa. Aka yi shewa. Shi kuma ya matsa. Taku ɗaya ne, amma ya matsa. Fa'iza ta ɗaga hannu wai gyaran hijabi, kuma a cikin hannuwanta biyu ba ta ga na ɗagawa ba sai mai munduwa. Rana ta doki azurfar ta shigo min ido ta hudar nan.

Abin da ya rage a wasan shi ne Gwaggo ta fito da cinya ta tuba. Ban fito da ita ba. Na juya Gwaggo ta fuskanci Attahir, na ce da siririyar muryarta:

“Kai dogo, na ji wa'azinka, saura nawa. Gidan nan 'yan mata biyu ne. Wurin wa kake zuwa, mai munduwa ko mai wankin hanji?”

Jama'a ba su gane ba, jiran Fa'iza suke. Amma shi ya gane, kunnensa ya saba. Ita ma ta gane. Lissafina shi ne doka za ta tilasta mata ta faɗa da bakinta, ya amsa wa Gwaggo cikin raha, uwarsa ta ji, ni kuma asirina a rufe.

Fa'iza ta yi murmushi, ta ɗaga tafukanta sama.

“Gwaggo ta ce ta tuba. Ta ce a taimaka mata da addu'a, Allah ya raba zuciyarta da ƙyashin abin hannun wani.”

“Amin!”

Gaba ɗaya wurin. Yara, mata, maza. Muryar Baffa ta fi ta kowa. Inna ma daga bakin ƙofa na jiyo nata amin ɗin.

Na sake faɗa, da ƙarfi, har 'yar muryar na yankar min ganɗa.

“Ta ce a ƙara,” in ji Fa'iza, “ciwon ya daɗe a jikinta.”

Dariya da amin suka haɗu. Na dubi Attahir ta hudar. Ya san ƙarya ta yi. Ya san dokar, ni na koya masa ita a zaure. Ya ɗaga hannu ya shafa addu'ar a fuskarsa tare da kowa.

Gwaggo na sama a sandare a hannuna. Na tuna adaka, na tuna makulli da rijiya, na tuna ihun yaran nan. Ba abin da Baba ya bar min a duniya sai wannan itacen mai haƙori ɗaya. Na san haka sarai, kada wata ta ce ruɗewa na yi. Da hankalina na sa yatsa na ciro 'yar murya, na damƙe ta a tafina.

“Ba haka ta ce ba.”

Muryata ce, tawa ta Allah, ta fito daga cikin rigar Baba. Wata mata ta ce, “La'ilaha illallahu, aljana!” ta janye ɗanta.

“Ba aljana ba ce, Nafisatu ce ɗiyar Mailafiya. Babu wani tsoho daga Gangara, tun ranar farko ni ce. Attahir, tambayarka aka yi. Gidan nan 'yan mata biyu ne. Wurin wa kake zuwa?”

Idona na kan hudar, ko ƙiftawa ban yi ba. Ya juya ya dubi Fa'iza. Sannan ya dubi uwarsa. Sannan ya dubi rigar.

“Wurin ta cikin rigar,” ya ce. Kowa ya ji. “Hajiya, ita ce. Tun farko ita ce.”

Hajiya Kadi ta faɗi wata magana da Tamajak, yarensu na Buzaye, gajeriya, ban san ma'anarta ba, amma na ga kansa ya sunkuya. Ta miƙe ta gyara mayafi ta nufi inda motarsu take, ba ta yi wa kowa sallama ba.

Baffa ya tashi a hankali, ya sa takalmi.

“Jama'a, wasa ya tashi. Allah ya maimaita mana.” Ya dubi Attahir. “Kai kuma ka faɗa a gaban mutane, sai ka cika a gaban magabata. Ina nan ranar Juma'a.”

Sannan ya tako har gaban rigar, ya miƙo hannu wajen wuyanta. Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga.

“Miƙo ta.”

Na zare Gwaggo daga hannuna na miƙa masa. Hannun nan mara lalle ya fito fili, kowa ya gani. Yara na ta tambaya, “Gobe za a yi? Baffa, gobe za a yi?” Ya shige gida da ita. Ina nan duƙe a cikin rigar na jiyo ƙarar kwaɗon adaka daga ɗakin Inna.

Kafin Magariba saƙon Attahir ya shigo, ina zaune a bakin gado ko zanen ban canza ba.

“Na faɗa a gaban duniya. Hankalinki ya kwanta?”

Ya kamata ya kwanta, ko ba haka ba? Na ba da Gwaggo, na samu amsa. Amma ni na san abin da idona ya gani. Na rubuta:

“Kafin ka amsa, don mi ita ka fara kallo?”

Ya daɗe. Ladan har ya fara gyaran murya. Sannan:

“Don ita ma jiya ta yi min wannan tambayar.”

Ban tambaye shi amsar da ya ba ta ba. Ɗakinmu ɗaya da ita, ga takunta nan ina ji tana tahowa. Na ajiye wayar, na tashi na buɗe mata ƙofa da kaina.